Namu Ne

Har yau in na ji wani ya ce "namu ne", sai wani wari ya dawo min hanci. Kalma biyu ce kacal, amma ita ta zaunar da ni awa ɗaya da rabi a cikin motar da ko shara ba zan yarda a kwashe min da ita ba, ga kuma uwata a gefena.

Inna muka kai ganin likitan ido. Idonta na hagu ya riga ya tafi shekara biyu da suka wuce, hawan jinin ido ya cinye shi muna ta ɗiga magani. Na daman ne ya rage, shi ma ta ce ya fara yi mata hazo. Likitanmu ya tura mu wajen wani ƙwararre a babban birni, wanda ba ya zama, sai ya zo ya yi 'yan kwanaki ya tafi. Wata huɗu muka yi muna jiran layi kafin aka ba mu rana: ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe. A ƙasan takardar an rubuta da jan biro cewa wanda ya makara fiye da kwatan awa, an ba wani gurbinsa.

Jirginmu ya sauka ƙarfe tara. Kafin goma saura kwata mun fito da jakunkunanmu, ni da Inna da Kawu. Kawu yayan Inna ne, kuma tun da Baba ya rasu ya naɗa kansa shugaban duk wata tafiya tamu. Ya taɓa zuwa birnin nan kwas na sati biyu shekara ashirin da shida da suka wuce, saboda haka a wajensa ya san garin kamar tafin hannunsa.

Tun muna jiran kaya na kira mota ta waya. Manhajar ta nuna min hoton direban, da lambar motar, da launinta, ta ce minti shida zai iso ƙofa ta uku, tafiyar kuma minti arba'in ce. Na yi lissafi na ga har Inna za ta samu ta zauna ta sha ruwa kafin a kira ta. Hankalina kwance.

Muna tsaye a ƙofa ta ukun Kawu yana yi wa Inna bayanin yadda filin jirgin yake a da, da ƙarfi kamar yana wa'azi, sai wani mutum ya ratso ta cikin jama'a. Gajere ne, da ƙaramin tawul a wuya, da wani kati rataye a ƙirji wanda ya juya bayansa waje. Ya rusuna har hannunsa na taɓa gwiwa.

"Baba, sannunku da hanya. Mama, an sauka lafiya?"

Da harshenmu ya yi maganar, a garin da tun saukarmu ba mu ji kowa ya yi shi ba. Na ga fuskar Kawu ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar gwamna.

"Ikon Allah! Kai ɗan ina ne?"

Suka shiga jero garuruwa da unguwanni. Duk inda Kawu ya ambata, Mai Tawul yana da kaka ko goggo a can. Kafin in ankara ya ɗauke jakar Inna ya saɓa a kafaɗa.

Na ce, "Kawu, motarmu saura minti biyu. Ga lambarta nan."

Kawu ya ce, "Wace mota kuma? Ga mota Allah ya kawo. Ki bar ɗan'uwanki a tsaye ki shiga motar wanda ba ki sani ba?"

"Kawu, shi ma ai ba mu san shi ba. Wancan ko ba komai akwai sunansa da lambarsa a rubuce, kuma ana ganin duk inda ya bi da mu."

"'Yar boko ke nan," in ji Kawu, yana kallon Mai Tawul suna dariya tare. "Ke kin yarda da waya, mu mun yarda da mutane. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan namu ne. Ko ba haka ba, Auta?"

Inna ta kusa saba'in, amma har yau Auta yake kiranta, ita kuma har yau ba ta iya musa masa ba. Ta ce, "Yadda ka ce, Yaya." Sannan ta matsa hannuna a hankali, matsin da na sani tun ina ƙarama, ma'anarsa kada ki ba ni kunya a gaban mutane. Ina kallon farar motar da na kira ta shigo layi, tsaf da ita, lambar daidai da ta wayata. Da babban yatsana na danna na soke ta.

Motar Mai Tawul ba ta cikin filin ajiye motoci. Ya ce masu gadin wurin 'yan baƙin ciki ne, shi ya sa yake ajiyewa "nan kusa". Nan kusan ya zama tsallake titi biyu, da bin bayan wani gidan mai, da ratsa kwata a kan katako, ina riƙe da Inna tana laluben ƙasa da ƙafa. Da muka isa, ya zaro sukudireba daga aljihu ya soka a bayan motar ya murɗa, but ɗin ya buɗe. Akwai wani buhu a ciki, ɗaure da igiya, ƙasansa jiƙe. Ya tura jakunkunanmu kusa da shi ya buga murfin kafin in buɗe baki.

Ni aikina gwajin jini da fitsari da majina a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba a ce min mai ƙyanƙyami. Amma mu a wajen aiki ƙazanta tana cikin kwalba, da murfi, da suna a jiki. A motar nan ƙazanta sakinta aka yi tana kiwo.

Warin ne ya fara tarbarmu: tsohon gumi, da ɗanyen kifi, da wani turare mai arha da aka fesa don a rufe su, ya zama na uku a cikinsu. Kujerar baya an lulluɓe ta da bargo wanda ba a san launinsa na asali ba, kuma da na dafa shi na ji danshi. A ƙasa akwai ɓawon ayaba da ya yi baƙi, da ƙashin kaza, da tsinken sakace da aka yi amfani da su. A aljihun bayan kujerar direba akwai gorar ruwa cike rabi da wani abu rawaya. Ba sai na kai shi ɗakin gwaji ba, na san ko mene ne. Na cire mayafina na shimfiɗa wa Inna ta zauna a kai, ni kuma na ɗosana a bakin kujera ina numfashi ta baki.

Kawu ya hakimce a gaba, ya ce, "Ka ga mota mai albarka. Irin waɗannan ba sa mutuwa."

Gilashin ɓangarena ba ya sauka, hannun murɗawar ya cire. Na ɓangaren direba ne kaɗai a buɗe, kuma Mai Tawul yana da aikin da yake yi da shi. Duk bayan minti biyu sai ya yi kakin da ke tasowa tun daga cibiya, ya tara, ya leƙa ya tofar. Iska kuwa ba ta san namu ba, sai ta dawo mana da rabonmu baya. Na ja kan Inna na kwantar a kafaɗata, na kare mata fuska da tafin hannu. Idon da ya rage mata ke nan, ga abin da ke yawo a iska. In ya gama sai ya goge baki da tawul ɗin, ya goge wuya, ya goge sitiyari, ya goge madubi, duk da tawul ɗaya.

Abin da ya fi warin tayar min da zuciya shi ne bakin Kawu. Kafin mu fita daga unguwar filin jirgi ya gama zazzage wa baƙon nan cikinmu kaf. Ya gaya masa ciwon Inna, da idon da ya mutu, da sunan asibitin, da cewa ba mu san kowa a garin ba, da cewa mijina yana can gida bai biyo mu ba. Har da cewa ni ce nake riƙe da guzurin tafiyar a jakar hannuna. Ina ta yin gyaran murya, shi kuwa ya ɗauka ƙura ce ta shaƙe ni.

Mai Tawul yana ta kaɗa kai. "Allah sarki, Mama. Ido ai ba abin wasa ba ne. Kun zo hannu na gari."

Na buɗe taswira a wayata. Ɗigon da ke nuna inda muke ya bar babban titi ya yi hagu, asibitin kuwa yana dama.

Na ce, "Malam, ba nan ce hanyar ba."

"Ƙanwata, wannan hanyar 'yan gari ce. Waya ba ta san cunkoso ba."

Kawu ya ce, "Na tuna hanyar nan. Ta nan muke bi."

Ƙarya yake yi, gidajen da ke wurin ko shekara biyar ba su yi da ginawa ba.

Goma da kwata muka tsaya a ƙofar wani shago, wai zai karɓi saƙo, kan hanya ne. Ya dawo da kwali ya ɗora wa Kawu a cinya, Kawu ya rungume kamar jariri. Goma da rabi muka tsaya shan mai, sai da aka tura motar kafin ta sake tashi. Goma da minti arba'in ya tsaya ya ɗauki wata mata mai jiki, ya ce ƙanwar matarsa ce, nan gaba kaɗan za ta sauka. Ta shigo ta matse Inna a jikina, ta buɗe leda ta hau cin wani abu mai maiƙo, tana tsotsar yatsu ɗaya bayan ɗaya tana gogewa a bargon. A nan ne na ga kyankyaso ya fito daga tsagar kujera, ya bi ta kan mayafina, ya hau zanen Inna. Na kaɗe shi. Inna ta ce, "Mene ne?" Na ce zare ne.

Na ce, "Kawu, sha ɗaya saura kwata. Waya ta ce daga nan minti talatin da biyar ne. Nisa muke ƙarawa."

Kawu ya juyo. "Ke wai ba ki da haƙuri ne? Mutum yana yi mana alheri kina ƙirga masa minti. A gidan mijinki ma haka kike?"

Matar ta yi dariya da abinci a baki. Inna ta sake matsa hannuna. Na mayar da idona kan taswirar.

Bayan matar ta sauka, muka shiga wasu lunguna da mota ɗaya ke iya bi. Sha ɗaya da minti goma Mai Tawul ya taka birki ya kashe mota, ya juyo yana murmushi da haƙoransa masu tsatsa.

"To, alhamdu lillahi. Mun iso."

Na leƙa. Shago ne mai ƙofa ɗaya tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. An zana ƙaton ido a bango, fentin ya zubo kamar idon yana kuka. A taga an jera tabarau sun yi ƙura, da 'yan kwalabe da rana ta kashe musu launi. Wani mutum da farar riga mai datti a wuya ya fito bakin ƙofa yana goge hannu a wando, da alama an riga an yi masa waya.

Na ce, "Wannan ne asibitin?"

Mai Tawul bai ko kalle ni ba, Kawu ya fuskanta. "Baba, gaskiya zan gaya maka, don kai uba ne. Wancan asibitin da kuka ce, yanka mutane kawai suke yi. Ido ɗaya ya rage wa Mama, a kai shi a sa masa wuƙa? Wannan likitan namu ne. Ɗigo uku yake yi, hazo ya washe. Duk baƙin da na ɗauko nan nake kawo su."

Wato tun daga lokacin da Kawu ya buɗe baki, mutumin nan bai taɓa niyyar kai mu inda muka ce ba. Kaya ya ɗauko, ya kawo wa mai saye.

Na jira Kawu ya yi tsawa. Wallahi na jira. Sai na ji ya ce, "To... tunda an riga an zo, ko za a ɗan duba ta? Ba a raina inda Allah ya ajiye sauƙi."

Ban san lokacin da na fita daga motar ba. Ƙofar ɓangarena ba ta buɗewa ta ciki, sai da na tsallaka Inna na fita ta ɗayar. Na ce, "Buɗe but ɗin nan."

"Ƙanwata, ki kwantar da..."

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, kuma da mun haɗa da na nemi a raba. Buɗe, ko in tara maka jama'a a nan, ga lambar motarka na ɗauka, ga hotonka."

Ai kuwa jama'ar sun fara taruwa da kansu. Mai faci ya ajiye tayarsa ya miƙe. Kawu ya fito yana cewa, "Ke! Ke! A titi? Da girmanki?" Ban saurare shi ba. Hannu ɗaya ina kiran wata motar a waya, ɗaya hannun ina nuna but. Mai Tawul ya ga ba wasa, ya zaro sukudirebansa yana gunaguni, wai 'yan'uwa su ne ba sa son ci gaban ɗan'uwa.

Da murfin ya ɗaga sai da na ja da baya. Buhun nan ya narke a zafi, ruwansa ya malale ya kwanta a ƙasan but ɗin, jaja-jaja, da ƙudaje sun riga mu isa. Jakar Inna tana zaune a ciki. Da ma a aljihun gefenta na sa babbar ambulan mai ɗauke da duk takardun asibiti na shekara biyu, da hotunan idon, da wasiƙar likitanmu. Na zaro ta tana ɗiga. Na tsuguna a bakin kwata na yi aman da nake riƙewa tun filin jirgi, sannan na tashi na ware takardun ɗaya-ɗaya ina share su da tishu. Tawadar wasiƙar ta bazu, rabin sunan Inna ya tafi.

Motar ta iso cikin minti bakwai. Na duba lambar, na tambayi direban da Turanci wa ya zo ɗauka, ya faɗi sunana. Dattijo ne mai furfura, ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Ya ga halin da muke ciki, ya fito ya buɗe wa Inna ƙofa, ya shimfiɗa jarida a but ya ɗora jakarta.

Na ce, "Kawu, shiga mu tafi."

Yana tsaye riƙe da kwalin Mai Tawul har lokacin. Ya ce, "Ku je, zan biyo ku. Ba a rabuwa da mutum haka baram-baram. Sai na ba shi haƙuri a kan abin da kika yi masa."

Na dube shi, dattijon da nake durƙusa wa tun ina rarrafe, na ji ƙyamar da ban ji wa gorar fitsarin nan ba. Na rufe ƙofa muka tafi.

Motar tana ƙanshin sabulu, mu ne muke wari. Na nuna wa direban agogo da takardar, ya gane, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma fitilun kan titi ba su san uzuri ba. Sha ɗaya da rabi ta same mu a kan gada. Sha biyu saura kwata ta same mu a bayan wata motar siminti. Inna tana jan carbi, can ta ce a hankali, "Da ba ki yi wa Yaya haka a gaban mutane ba." Ni dai idona yana kan agogo.

Sha biyu da minti goma muka shiga asibitin. Na ja Inna kusan da gudu har gaban kantar karɓar baƙi, na ajiye takardun. Nas ɗin ta ɗan ja hanci, ta dube su, ta dube mu. Ta ce an kira sunan Inna sau uku. Likita ya jira har sha biyu saura kwata, sannan ya ga na bayanta, yanzu kuma ya shiga tiyata, ba zai fito ba sai yamma, gobe da asuba zai bar gari. Na roƙe ta. Na ce ido ɗaya ne. Na ce daga nesa muka zo, a jirgi. Ta ce ta sani, duk waɗanda ke zaune a bencin nan haka suke. Ta shiga ciki ta tambaya, ta dawo tana girgiza kai.

Ina tsaye a wurin na nemi wanda zan ɗora wa laifi. Mai Tawul ɗan damfara ne, sana'arsa ya yi. Kawu kuwa haka Allah ya yi shi, a gaishe shi da harshen gida a sayar da shi. Amma ni na ga farar motar da idona, na san daidai, na san ba daidai ba, na soke ta don kada a ce ba ni da kunya. Kaina na fi jin ƙyama, kuma wannan ba ta fita da sabulu.

Nas ɗin ta ɗauko sabon kati. Ta ce zuwan likita na gaba sai bayan wata biyar. Saboda ta ga tsohuwa ce mai ciwon ido, sai ta ɗauki baƙin alƙalami mai kauri ta rubuta ranar da manyan lambobi, kowace ta kai tsawon yatsa, ta miƙa wa Inna a hannu.

Inna ta karɓa ta yi godiya. Ta kai katin kusa da idonta na dama har yana taɓa gira, ta nisanta shi, ta juya bayansa, ta sake juyowa. Sannan ta miƙo min, ta rage murya don kada nas ɗin ta ji kunya.

"'Yar nan, mayar mata. Ta manta ba ta rubuta komai ba."